Gidan da Siebe Ya Taya

Duk wanda ya taɓa hawa keke a bayan Siebe Veldkamp ya san abin da ake kira hutu. Mutum ne mai faɗin baya kamar ƙofar gareji, in ya shiga gaba sai iskar teku ta ƙare a ƙirjinsa, mu na baya mu yi ta zuba surutu. A nan arewacin Groningen ba mu da tudu ko na magani, iska ce wahalarmu, kuma shekara da shekaru Siebe ne yake shanye mana ita. Ban taɓa jin wani ya ce masa na gode ba, sai dai a ce, "Siebe, iska ta juyo, matso gaba."

Kowace Lahadi da safe muke haɗuwa a bakin cocin Westerzijl, mu goma sha wani abu, yawanci maza masu furfura da tumbi a cikin matsattsun riguna. Ni Hilke, ni kaɗai ce macen da ta rage a cikinsu, sauran sun gaji da jin maza suna gardama a kan man sarƙa. Biyu-biyu muke jerawa. Na gaba su sha iska na ɗan lokaci, sai Tjeerd, wanda ya naɗa kansa shugaban tafiya, ya busa usur, layin hagu ya matsa gaba da mutum ɗaya, na dama ya ja baya. Kafin mu isa inda muke shan kofi kowa ya jera da kowa. Sai ka fara labari da wannan, ka ƙarasa shi da wancan, shi kuma na farkon ya tafi da rabin da ya ji ya ba na kusa da shi.

Ba ma tambayar mutum albashinsa, wannan rashin ta-ido ne. Amma kuɗin abin da ya saya, wannan na kowa ne, kuma in ka ƙi faɗa sai a ce kana da girman kai.

"Tjeerd, waɗannan ƙafafun keken sababbi ne?"

"Na kabon ne, ba na ƙarfe ba, ɗan'uwa. Ɗaga ka ji. Sun fi na da rashin nauyi da kamar ƙwai biyu."

"Nawa?"

Sai ya faɗa, a yi fito.

"Da ka bar cin kek na sati ɗaya, ai da ka samu wannan a kyauta."

"Matarka ta san nawa ka sayi sirdin da kake kai? Mu fara daga nan," in ji Tjeerd.

Haka muke, daga taya zuwa hular kwano, daga hular kwano zuwa mota. In aka zo kan mota kuwa, Siebe ne abin taɓawa, domin direban bas ne, kuma a wajen mai keke duk wani mai sitiyari ɗan'uwan Siebe ne.

"Siebe, wani ɗan'uwanka ya kusa kwashe ni a shataletale ranar Laraba."

"Ni in na ga mai keke rage gudu nake yi," in ji shi. "Sai in na gane kai ne."

Ba ya wuce haka. Ɗan lebura ne, a gonar dankalin wani aka haife shi, ya bar makaranta da wuri ya kama tuƙin motar madara, daga baya ya koma bas mai zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da birni. Kekensa na ƙarfe ne, shuɗi, ya girmi 'ya'yan wasu daga cikinmu. Duk shekarun da na san shi sarƙa da taya kawai yake canjawa. Muna da al'ada, duk wanda ya sayi sabon abu mai tsoka, keke ko mota ko gida, shi zai biya wa kowa kek ɗin tuffa ranar Lahadi. Tjeerd yakan ce da Siebe muke jira, da mun manta ɗanɗanon tuffa.

A cikin ƙungiyar nan ya samu matarsa Aukje. 'Yar siririya ce mai baki, a gidan burodi take aiki, kuma a zamaninta ta fi rabin mazan nan gudu. Ba su samu haihuwa ba. Suka kama haya a saman tsohon shagon mahauci, ɗakuna biyu da matakala irin ta tsofaffin gidajenmu, mai tsayi da ƙunci, wadda in kana hawa gwiwarka take taɓa ta gaba. Lokacin da suke da ƙarfi ba wanda ya damu da ita.

Sai ciwon jijiya ya kama Aukje, irin mai cin ƙafafu a hankali. Ta bar keke, ta kama sanda, daga sanda ta koma keken guragu. Keken ba ya hawa bene, don haka a ƙasan matakala yake kwana, Siebe ya ɗaure shi da makullin kekenta na da. In za ta fita, goya ta yake yi ya sauko da ita, in sun dawo ya goya ta ya hau. Ranakun da yake aiki kuwa tana bakin taga tun safe. An zo an auna matakalar aka ce ta yi ƙunci, kujerar nan mai hawa da mutum ba za ta shiga ba. Sun rubuta suna a neman gidan haya na ƙasa, aka ce su jira, akwai mutane da yawa a gabansu. Likita ya gaya wa Siebe gaskiya: bayansa ya fara ba da kai, in ba su samu gida marar bene ba, ƙarshenta Aukje gidan kula da marasa lafiya za ta koma, shi ya zauna shi kaɗai.

Ana cikin haka wata tsohuwa a garinmu mai suna Jantina ta rasu, 'ya'yanta suka kafa allo a ƙofar gidanta. Ɗan ƙaramin gida ne a ƙarshen gari, a gindin ganuwar da take tare ruwan teku, ba bene, ƙofarsa mai faɗi, da bishiyar fiya a bayansa. Kowace Lahadi ta gabansa muke wucewa. Siebe ya kai Aukje ta gani, ta tura kekenta da kanta daga ƙofa zuwa kicin, daga kicin zuwa lambu, ba wanda ya taɓa ta. Ya ce mini rabonsa da ya ga ta yi dariya irin ta ranar har ya manta. Ya je banki, ya haɗa duk abin da suka tara tun aurensu da abin da bankin ya yarda ya ranta wa mai shekarunsa.

Yanzu a ƙasar nan ba a ciniki da mai gida ido da ido. Dillali yana sa rana, duk mai so ya aika tayinsa sau ɗaya a ɓoye, wanda ya fi yawa ya ɗauka. Ba ka san na wani ba, wani bai san naka ba. Ko yaro ya san ba a faɗin adadin. Siebe ma ya sani, amma ya sani ne irin sanin da mutum yake yi a ƙasa, da takalmi a ƙafarsa. A kan sirdi wani mutum ne daban, kamar mu duka.

Ranar Lahadin kafin a rufe tayi, kaka ta shigo, iska tana kaɗawa daga teku. Siebe yana gaba, Tjeerd yana gefensa. Murna ta cika shi, ya kasa riƙe ta, ya ce zai taya gidan Jantina.

"Da gaske? Kai da ko famfon keke ba ka taɓa saya ba? To nawa za ka sa?"

Yadda yake tambayar kuɗin taya, haka Tjeerd ya yi tambayar, ba da wata manufa ba. Siebe kuma ya faɗa masa, yadda kowa yake faɗa. Har ya ƙara da cewa, "Iyakar ƙarfina ke nan. Ko yuro ɗaya babu a bayansa."

Sai Tjeerd ya busa usur ya ja baya.

Ni ina can ƙarshen layi. Kafin mu kai gadar ƙofar ruwa maganar ta iso ni, da adadinta cif, har da "ko yuro ɗaya babu a bayansa". A wurin kofi kowa ya zama masanin gidaje. Wannan ya ce a duba rufi, wancan ya ce a tambayi tsagewar bango saboda girgizar ƙasar da ake yawan yi a yankinmu, wani ya ce a ƙarshe dai za mu ci kek ɗin Siebe. Siebe yana ta murmushi, kunnuwansa sun yi ja.

Menno Dijkhuis ma yana cikinmu. Menno yana da kamfanin haɗa kicin, yana da gidaje a birni da yake ba ɗalibai haya, kuma shi yake ɗinka mana riguna, shi ya sa sunansa yake rubuce a bayan kowannenmu. Ba mugu ba ne irin wanda za ka gani ka gudu. Mai fara'a ne, hannunsa a buɗe, in kekenka ya lalace a hanya shi zai kira a zo a ɗauke ka. Ranar dai yana ta ba mu labarin sabuwar motarsa ta lantarki, yadda take tsayawa da kanta in ta ga mutum. Da ya gama sai ya juyo ya tambayi Siebe ko lambun yana kallon kudu ne.

"Kudu maso yamma," in ji Siebe. "Rana har yamma."

"Gida mai kyau," in ji Menno.

Cikin satin dillali ya kira Siebe yana hutun rana a tashar bas. Mutum biyar suka taya, shi ne na biyu. Abin da aka fi shi da shi bai kai kuɗin ƙafafun keken Tjeerd ba. Dillalin bai faɗi sunan wanda ya samu ba, Siebe kuma bai tambaya ba. Ya koma ya ƙarasa aikinsa, da yamma ya hau matakala ya gaya wa Aukje.

Ya zo ranar Lahadi kamar kullum, ya shiga gaba, muka bi. Kowa ya riga ya ji, aka yi ta yi masa jaje mutum bayan mutum yayin da layi yake juyawa, ana zagin mutanen birni masu zuwa da kuɗi su kwashe gidajen ƙauye. Muka isa wurin kofi muka zauna, sai ga mai shagon ta fito da faranti cike da kek, kowanne da kirim a kai.

"A'a, wa ya yi sayayya?" in ji Tjeerd, yana leƙa kekunan da ke jingine a waje. "Ban ga sabon abu ba."

"Menno, ba dai wata motar ba?"

Menno ya goge baki, ya yi ɗan tari. "Gida ne," ya ce. "Gara ku ji daga bakina. Gidan Jantina."

Na ji cokalin wani ya faɗi ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Siebe, kada ka ɗauki abin da zafi," in ji Menno. "Yarona ya kusa gama karatu, dole ya samu wurin zama. Kafin nan in ba baƙi haya da bazara, Jamusawa suna son bakin teku. Kasuwa ce, ɗan'uwa. Da ban saya ba, wani ne zai saya."

Ni ba na iya haɗiye irin wannan. Na ce, "Wane wani? Kai ne na ɗaya, shi ne na biyu. Da ba ka saya ba wa zai saya, Menno?"

"Hilke, ban tambayi kowa komai ba. Ina zaune a kan kekena magana ta zo ta same ni. In toshe kunne?"

"Ka san don wa yake neman gidan."

"Na sani, kuma abin ya dame ni. Amma in mutum ba ya so a san tayinsa, ai ba ya faɗa a cikin mutum goma sha biyar."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu sun gyaɗa kai. Ba su ji daɗi ba, amma a ransu Menno bai karya wata doka ba, har ma ya yi abin da ya kamata, tunda ya biya kek. Tjeerd ya sunkuyar da kai yana juya usur ɗinsa a hannu. Wani ya ce, "Gaskiya kasuwar gidaje ta lalace," kamar kasuwar ce ta hau keke ta jera da mu. Can sai wani ya ja farantinsa a hankali ya fara ci, sauran suka bi.

Siebe ya shanye kofinsa. Ya dubi Menno ya ce, "Bishiyar fiyar nan, kada ka sare ta. Tana 'ya'ya sosai." Ya ɗaura hularsa ya fita. Na ɗauka gida zai tafi shi kaɗai, sai na tarar da shi a bakin hanya yana jiran mu. Iska ta juyo gaba, ya shiga inda ya saba, da sunan Menno shimfiɗe a faɗin bayansa, Menno kuma yana laɓe a bayan nan har Westerzijl.

Da muka rabu da sauran na bi shi har ƙofar gidansa, raina a ɓace.

"Kai wane irin mutum ne? Ya cuce ka, kuma ka tare masa iska?"

"To in yi yaya, Hilke? In bar ku a hanya?"

"Ka bar ƙungiyar. Ni ma sai in bari."

Ya jingina kekensa kusa da na Aukje, ya daɗe yana kallon matakalar. "Kwana shida ina tuƙa mutanen da ba sa ce mini ko sannu," ya ce. "In na dawo ina jinya. In ban zo nan ranar Lahadi ba, ina za ni? Wa na sani?" Sai ya rage murya. "Kada ki gaya wa Aukje wanda ya sayi gidan. Ki gaya wa sauran ma kada su faɗa. Matar Menno tana zuwa mata hira duk sati. Abin da ya rage mata ke nan, tana ganin muna da mutane."

Wannan maganar ita ma ta zaga layi, kuma ita kaɗai ce na taɓa ganin ƙungiyar nan ta riƙe. Ba don tausayi ba, a ganina, sai don ta yi wa kowa daɗi.

Siebe ya nemi wasu gidajen. Ya taya biyu, aka yi masa nisa, domin a lokacin farashi ya ƙara hawa. Cikin hunturu yana saukowa da Aukje bayansa ya riƙe a tsakiyar matakala, suka zauna a nan su biyu har maƙwabci ya ji kiransu. Daga ranar ba ta ƙara saukowa ba. Da bazara ta kusa aka ce wuri ya samu a wani gidan kula da marasa lafiya a garin da ke gaba da namu, ɗaki ɗaya, gado ɗaya.

Ana bukatar mota mai faɗi da za ta ɗauki keken guragu da kujerar da Aukje take so da 'yan akwatuna. Menno ya ce ga motar kamfaninsa, kuma shi da kansa zai tuƙa. "Ya kamata in yi wani abu," ya ce wa Tjeerd. Na tabbata har ransa yake nufi, kuma na tabbata ya yi barci mai daɗi a daren. Siebe bai ce a'a ba.

Ranar Asabar mutum huɗu daga ƙungiya suka sauko da ita a kan kujerar cin abinci, suna nishi suna ba juna umarni, ita kuma tana tsokanarsu.

"Tjeerd, a hankali. Ni ba ta kabon ba ce."

Aka sa ta a bayan mota, ni da Siebe muka zauna a gefenta, Menno yana gaba. Hanya ɗaya ce ke fita daga garinmu, ta gindin ganuwar teku. Da muka zo ƙarshen gari Aukje ta miƙa wuya tana leƙen taga. An cire rufin gidan Jantina, magina sun kafa katakai, bulo ya fara hawa sama.

"Dubi, Siebe," ta ce. "Bene suke ɗora masa." Ta bi shi da kallo har ya wuce. "Ko su wane ne suka saya?"

Na ga idon Menno a madubi, ya mai da shi kan hanya.

"Wasu ne daga birni," in ji Siebe.

"Allah ya sa masu yara ne. Lambun ya dace da yara."

Muka isa gidan. Aka sauke ta, wata ma'aikaciya ta fito da murmushi ta karɓi keken. Aukje ta ce a dakata. Ta miƙa hannu ta kama na Menno da nata biyu, ta ce ba ta san yadda za ta gode masa ba, ya bar aikinsa, ya ƙona mansa, ga riguna duk shekara, ga matarsa da ba ta taɓa gajiya da ita ba. Menno ya ce ba komai, ai yi wa kai ne. Sai ta juyo wajen mijinta, idonta ya ciko.

"Hankalina a kwance yake da zan bar ka," ta ce. "Ka yi sa'ar abokai, Siebe."

"Na yi," in ji shi.

Ya sunkuya a hankali saboda bayansa, ya ɗauki akwatin kayanta, ya bi keken zuwa ciki.